Diskin da Na Ba Mushe Abari

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Zinder za su gane ni tun kafin su yi nisa da karatu, waɗanda ba su san ni ba kuwa ba su yi asarar komai ba. Da ku matasa nake magana, musamman masu zaman gyaran waya da kwamfuta, domin a irin kujerarku na zauna har na kai kaina gidan kaso.

A Zermu aka haife ni. Mahaifina manomin hatsi ne da gyaɗa, ya rasu tun ina ƙarami, mahaifiyata ce ta riƙe mu da sana'ar ƙuli-ƙuli. Lakwal, wato boko, ba ta karɓe ni ba, a kolej, ƙaramar sakandare, na tsaya, amma Allah ya ba ni hannu. Duk rediyo ko tocilar da ta mutu a unguwarmu, gidanmu ake kawo ta. Da na fara zama saurayi sai Inna ta roƙi wani ɗan garinmu ya kai ni Zinder wajen Malam Lawali, mai gyaran kwamfuta, wadda mu a nan muke ce wa ordinater.

Malam Lawali mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsabta. Doka ɗaya ce ya fi damuna da ita: duk abin da ka cire daga na'urar mutum, ka sa masa a leda ka miƙa masa. Ko ɗan noti ne da ya ci tsatsa. Na taɓa ce masa, "Maigida, me zai yi da mataccen abu?" Ya ce, "Ko ya jefar, ko ya ajiye, nasa ne. Kai gyara aka kawo maka, ba gado ba." A raina na ce wannan tsoho da iyayi yake.

A wajensa na koyi bambancin tsohon diski da sabon da ake kira SSD, kuma sai na ɗan bayyana muku, don a kansa duk labarina ya rataya. Diski shi ne rumbun kwamfuta, a cikinsa take ajiye komai. Tsohon yayi yana da faifai a ciki da ke juyawa, da ɗan hannu mai karantawa, kamar garmaho. Idan ka kara kunne za ka ji yana numfashi. Yana da nauyin jiki wajen aiki, amma yana da kirki guda: idan zai mutu yakan yi ta ƙas-ƙas na kwanaki, ya ba ka lokaci ka kwashe kayanka. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Ba nauyi, ba ƙara. Kwamfutar da a da za ka kunna ka je ka dafa shayi kafin ta farka, da shi kafin ka gyara zama ta buɗe. Sai dai ran da zai mutu ba ya sallama da kowa. Shi ya sa Malam Lawali yake gaya wa kowane mai kaya, "Sa sabo don sauri, amma ka riƙe tsohon a gida da kayanka a ciki."

Bayan shekara huɗu na ga na iya, na kama ɗan shago nawa kusa da kasuwa. Lokacin kowa SSD yake so. Ɗalibai, ma'aikatan biro, wato ofis, ƴan kasuwa, duk wanda na'urarsa ta fara nawa sai ya zo a sauya masa.

Farkon ɓatana ƙarami ne ƙwarai. Wata ma'aikaciya ta zo na sa mata SSD, ta ga sauri, murna ta sa ta tafi ba ta tambayi tsohon diskinta ba. Na riga na sa shi a leda. Na bi ta da ido har ta hau kabu-kabu, ban kira ta ba. Bayan kwana biyu na goge shi na sayar wa mai shagon tura fina-finai da ke layinmu, domin su kullum neman wurin ajiya suke. Ba wanda ya zo, ba wanda ya tambaya. Daga ranar na daina sayen leda. Wanda ya tambayi tsohon diskinsa sai in ce ya mutu, kuma na ajiye wani kwali a ƙarƙashin tebur cike da matattun diski na gaske, don in sami abin nuna wa mai naci.

Ana haka sai ga Sabitu, wani ɗan kasuwa mai kawo mana kaya daga Kano. Ya zaro wani SSD daga jaka, kwalinsa na ƙyalli, ya ce, "Mutumina, ga mai sauƙi. Sa shi a na'ura ka ga girman da zai nuna maka." Na sa, ya nuna girman da zai haɗiye tsohon diski biyu. Na ce, "A ciki fa?" Ya yi dariya ya ce, "Wa ke shiga ciki?"

Ni na shiga. Da ya tafi na ɓalle guda ɗaya. Fanko ne, sai ɗan kati irin na waya da aka manna da gam, da guntun ƙarfe don a ji nauyi a hannu. Duk abin da ka zuba masa zai karɓa, ya jera maka sunayen a allo kamar komai na nan. Amma na farko kaɗai yake riƙewa. Da ɗan cikinsa ya cika, sauran suna ne kawai ba komai a bayansa. Na san wannan tun ranar. Ina so ku riƙe, domin daga baya na so in ce ban sani ba. Da Sabitu ya dawo na karɓi kwali guda.

Na gaske nakan sa wa wanda ya san kwamfuta, na bogi in sa wa wanda bai sani ba. Na iya karanta mutum tun daga yadda ya riƙe jakarsa. Na sayi babur, na ɗinka shadda, ƴan layinmu suka koma kirana patoron, wato maigida. Zermu kuwa sai salla nake leƙawa, ita ma kwana ɗaya.

Wata ranar Alhamis da hantsi wani dattijo ya yi sallama a bakin shagona. Dogo ne siriri, da farin gemu, ya naɗe kwamfutarsa cikin darduma. Ya ce sunansa Mushe Abari, tsohon malamin lakwal ne, waɗanda mu a nan muke ce wa mushe, daga Gidimuni yake. Tun da ya yi ritaya yake zagaya ƙauyuka yana ɗaukar muryar tsofaffi, suna ba da tarihin garuruwansu, da yadda aka haƙa rijiyoyi, da shekarun yunwa, da sunayen gonaki. Ya kunna mini ɗaya daga Gouna, ya kunna wata daga Zermu. Na gane muryar nan take, wani makaho ne da ke zama a bakin masallacinmu, ya daɗe da rasuwa.

Sai ya sa yatsa a allo, a kan wata jakar ajiyar muryoyi da ke can ƙasan jerin. An rubuta mata Yagana. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, wannan ta cikin gida ce, kada ka buɗe. Mai ɗakina ce, damina biyu ke nan da rasuwarta. Hira ce kawai, tana aiki ina ɗauka ba ta sani ba. Kullum da safe nakan kunna in sha kunu da ita. To ordinater ɗin ta tsufa kamar mai ita, kafin ta buɗe kunun ya huce. An ce kai ne mai sa musu sauri."

Na kara kunne a diskinsa. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙas bai yi ba. Na duba yawan abin da ke ciki, ya ninka cikin ɗan katin nan sau da yawa. A aljihun teburina akwai SSD na gaske guda ɗaya, amma na ajiye wa wani babban ma'aikaci da zai zo da yamma, wanda ya san kan na'ura. Na dubi dattijon nan da dardumarsa. Na miƙa hannu na ɗauko na Sabitu.

Kwamfuta bisa jerin haruffa take kwafe kaya. Gidimuni da Gouna suka shiga da farko, suka sami wuri. Yagana tana can ƙasa. Da na gama na buɗe masa na saman, murya ta fito tangararan, na'ura ta buɗe kamar walƙiya. Ya yi ta mamaki yana cewa tabarakallah. Na san ba zai gwada jakar matarsa a gabana ba. Dattijo irinsa ko sunanta ba ya faɗa a bainar jama'a, balle ya saki muryarta a bakin kasuwa. Da kunyarsa na ci shi.

Ya tambayi tsohon diskin, na ce ya bar mini in duba shi, in ya sake shigowa gari ya karɓa. Yana sauri kada motar Gidimuni ta cika, ya yi mini addu'a ya tafi. Washegari bayan sallar Juma'a na goge diskin na kai shagon fina-finai.

Ranar Asabar ya dawo. Bai ko gama gaisuwa ba ya buɗe darduma, ya kunna kwamfutar. Ya ce, "Ɗana, sunan yana nan, amma ba ta magana." Na danna, na sake dannawa, na ɓata fuska kamar mai tunani. Ya ce, "Ba komai, ba ni tsohon. Na haƙura da saurin. Kunu mai sanyi ai ba ya kisa."

Ga abin da ya fi komai ci mini rai har yau. Tsakanin shagona da shagon fina-finan bai fi taku talatin ba. Tsohon diski ko an goge shi, muddin ba a zuba wani abu a kai ba, akan iya dawo da kayan. Kwana ɗaya kacal ya yi a can. Da na tashi a guje, wataƙila da na ceci rabi, wataƙila duka. Amma sai na faɗi gaskiya a gaban maƙwabta, sai a ji patoron ɓarawo ne. Ban tashi ba. Na sunkuya na laluba kwalin matattu, na ɗauko wani baƙi mai kama da nasa.

Na ce, "Mushe, ga shi. Jiya ina dubawa ya mutu a hannuna. Amma komai yana ciki, ba inda ya je. A Yamai akwai masu injin cirewa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Tana ciki dai?" Na ce tana ciki. Ya sauke ajiyar zuciya, ya naɗe shi a hankici, ya ce Allah ya yi mini albarka da na faɗa masa gaskiya. Da ya fita na sayi nama na ci, kuma ya yi mini daɗi. Haka nake a lokacin.

Ba don shi aka kama ni ba. Bayan kusan shekara wata ƙungiya mai aikin rijiyoyi a ƙauyuka ta ba ni kwamfutocinta duka in sauya musu diski. Kwaɗayi ya rufe mini ido na zuba musu na Sabitu. Cikin wata biyu aikinsu na shekaru ya zama sunaye kawai. Suka kira nasu mai gyaran daga Yamai. A komisariya, wajen ƴan sanda, a gaban idona, ya ɓalle SSD ɗaya, guntun ƙarfen ya faɗo kan tebur ya gangara ƙasa. Aka tambaye ni inda na samo su. Na ba da lambar Sabitu, aka kira, a kashe. Alƙali ya yanke mini shekara biyu.

Mutane suna tsammanin wahalar gidan kaso yunwa ce ko cunkoso. Akwai su. Amma ni abin da ya karya ni shi ne ranar ziyara. Gardi, mai tsaron gidan, yakan tsaya a bakin ƙofa yana kiran sunaye, kowa ya kasa kunne. Na yi wata uku ina kasa kunne, daga nan na koyi komawa gindin katanga in juya baya. Duk masu shan shayi a shagona, duk masu aron babur, ko ɗaya bai leƙo ba. Malam Lawali bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Muna da yawa a ɗaki har ba wurin miƙe ƙafa, amma ban taɓa zama ni kaɗai irin na wannan wuri ba.

Inna ta zo sau ɗaya. Daga Zermu ta taso da ƙuli-ƙuli a ƙullin zane. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Ka rame." Ta zauna har lokaci ya cika, ta ce, "To, Allah ya shirya," ta tashi. Ban san ciwo take ba. A daminar shekara ta biyu, da azahar, gardi ya kira sunana a ranar da ba ta ziyara ba. Ya ce an aiko daga Zermu, an rufe ta tun jiya.

Bayan kwanaki ina zaune a gindin katangar nan da la'asar, na so in ji yadda take kirana idan na yi nisa da gida. Tana da wata irin jan sunana. Fuskarta ta zo, hannunta mai ƙanshin man gyaɗa ya zo, muryar ta ƙi zuwa. Na yi ta nema har kaina ya yi ciwo. Ni da na tura wa mutane waƙoƙi ba iyaka, ni da waya mai tsada take aljihuna, ko sau ɗaya ban ɗauki muryar uwata ba. A nan ne Mushe Abari ya faɗo mini. Shi ya yi abin da ban yi ba, ya adana, ya kawo mini amana, na goge aka zuba fim a kai. Na yi kuka ranar, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ran da aka sake ni ba kowa a bakin ƙofa. Na taka da ƙafa har layinmu. Shagona ya zama na mai ɗinki, shagon fina-finai ya koma na takalma, mai shi ya bar gari. Na kwana biyu a masallaci, na uku na hau motar Gidimuni.

Na iske shi a zaure, kan tabarma, ya ƙara tsufa. Ya gane ni. Ya ce, "A'a, ɗana mai ordinater! Na ji an rufe ka. Na ce da su sharri ne, yaron nan ni gaskiya ya faɗa mini." Kafin in buɗe baki ya shiga gida ya fito da ɗan akwatin ƙarfe. A ciki ga diskin, an naɗe shi da ɗankwalin mace, shuɗi mai furanni. Ya ce sau biyu ɗansa ya so ya tafi da shi Yamai, shi ya hana, yana tsoron ya ɓace a hanya. Bana in an gama girbi da kansa zai je. Ya ce, "Kafin nan kullum da safe nakan ajiye ta kusa da kwanon kunu. Ba ta magana, amma na san tana nan."

Na yi tunanin in tashi in bar shi da abinsa. Wallahi na yi. Amma na hango shi a Yamai, tsoho, da akwati a hammata, wani yana buɗe masa diskin da ba nasa ba. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga guntun ƙarfe har taku talatin.

Ya sunkuya yana kallon akwatin. Daga lambu ana jin ƙarar injin ban ruwa. Can ya ce, "Shekara uku ke nan ina gaishe da ƙarfen wani." Ya kwance ɗankwalin a hankali, ya ninke shi gida huɗu, ya sa a aljihun gaba. Ya ɗago diskin ya ce, "To wannan na wa ne?" Na ce ban sani ba.

Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Nawa na yafe, don ina so ni ma a yafe mini. Na tsofaffin da suka ba ni muryarsu kuwa, ban san inda za ka same su ba." Sannan ya miƙo mini diskin da hannu ɗaya. "Tafi da shi. Ka nemi mai shi. Wataƙila shi ma yana jira."

Yanzu ina wajen Malam Lawali. Ya karɓe ni, ya ba ni kujera a lungu, kuma har yau ba ya barina ni kaɗai da diskin mutane. Ya yi daidai. Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa, amma ban ga abin da tubana ta dawo wa Mushe Abari da shi ba.

Ku masu kawo gyara, ku sa SSD, abu ne mai kyau, amma ku saya inda kuka yarda, ku gwada jakar da ta fi muku daraja tun a shago, ko da da abin sawa a kunne ne, kuma kada ku bar tsohon diskinku a hannun kowa. Ku kuma masu gyara, ƴan'uwana, ku ji ni da kyau. Ban fara da na'urar bogi ba, na fara ne da leda ɗaya da ban miƙa ba. Abin da ake ɗora muku a tebur ba ƙarfe ba ne kawai, ba ku san abin da mutum ya ajiye a ciki ba. Abin da kuka cire, ku mayar wa mai shi. In kuma kun yi kuskure, ku tashi a lokacin, tun ana iya ceto. Wanda iyayensa ke raye, ya ɗauki muryarsu yau.

Diskin yana nan a gefen teburina, cikin leda. Duk tsohon mai kawo mini gyara da ya biyo ta layin nan nakan tsayar da shi in nuna masa, in ce ko nasa ne. Sukan dube ni, su dubi ledar, su wuce. Har yau ba wanda ya ce nasa ne.